Zazzaɓin da ya ƙi tafiya: tambayoyi kan ciwon da ke kama cikin zuciyar yara

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, in jikin yaro ya yi zafi maleriya ake fara kira. In zafin ya ƙi sauka a ce taifot, in ya ƙara daɗewa a koma batun shawara ko iska. Sau da yawa maleriyar ce kuwa. Amma akwai wani ciwo da ke ɓuya a bayan waɗannan sunaye, likitoci na kiransa endokaditis. Bai yawaita ba, sai dai yaron da ya kama in ba a gano ba, da wuya ya tashi. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a kansa.

Wane irin ciwo ne wannan, kuma me ya haɗa zazzaɓi da zuciya?

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, da murafu huɗu masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya, kamar yadda bawul ɗin tayar keke ke barin iska ta shiga ya hana ta fita. Cikin ɗakunan da kan murafun akwai wata siririyar fata mai santsi. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka sami wurin maƙalewa a jikin wannan fatar, musamman a kan murfi, sai su yi gida su hayayyafa. Gudan jini ya lulluɓe su, abin ya zama wani ɗan tsiro mai kama da gansakuka. Daga nan suke ta zuba cikin jini dare da rana, shi ya sa zazzaɓin ba ya ƙarewa. Suna kuma cin murfin har ya huje ko ya daina rufuwa.

Kowane yaro ne zai iya kamuwa?

Lafiyayyar zuciya ba kasafai ƙwayar cuta ke samun wurin kamawa a cikinta ba. Wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko a kwarin Haɗeja ya san yadda ruwa ke yi: a miƙaƙƙiyar hanya wucewa yake yi sumul, amma inda ya matse ya fito da ƙarfi sai ya zaizaye gefe, shara ta taru a wurin. Haka jini yake. Inda akwai huji ko lalataccen murfi, jini na fesowa da ƙarfi ya kankare fatar, ƙwayoyin cuta su sami masauki.

Saboda haka yara iri biyu ne suka fi zama cikin haɗari a wajenmu. Na farko waɗanda aka haifa da naƙasa a zuciya, irin mai huji tsakanin ɗakuna, ko wanda leɓɓansa da faratansa ke yin shuɗi-shuɗi in ya yi kuka ko gudu. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da wata naƙasar zuciya, babba ko ƙarama. Na biyu waɗanda ciwon maƙogwaro ya lalata musu murfin zuciya. Sai kuma yaran da aka yi wa aikin zuciya aka sa musu murfin roba ko na ƙarfe, da jarirai bakwaini da suka daɗe a asibiti da robar ƙarin ruwa a babbar jijiya. Akwai wata muguwar ƙwaya, sitafilokokus, wadda ke kawo maruru da gyambo, ita takan kama har zuciyar da ba ta da wani lahani.

Ciwon maƙogwaro kuma? Ai wannan kowane yaro na yi, ya kuma warke da kansa.

A nan nake son iyaye su tsaya, domin nan ne aka fi yin asara. Yawancin ciwon maƙogwaro mura ce, tana wucewa. Amma akwai wanda wata ƙwaya mai suna sitireftokokus ke kawowa, ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15: zafin jiki, haɗiya da ƙyar, kaluluwa a wuya, wani lokaci da fari-fari a can cikin maƙogwaro, galibi kuma babu tari babu majina. Shi ma yana lafawa da kansa, abin da ke yaudarar mutane ke nan. Bayan mako 2 zuwa 3, a jikin wasu yara, garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta juya kan gaɓoɓi da zuciya. Yau gwiwa ta kumbura, jibi ta saki idon sawu ya ɗauka. A ce sanyin ƙashi ne, a shafa man zafi. Gaɓoɓin suna warkewa sarai, murfin zuciya ne ke zama da tabo. Duk sanda ciwon ya sake dawowa tabon ƙaruwa yake yi.

Ba ƙaramin abu ba ne a duniya. Ƙiyasin shekarar 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 40 na ɗauke da wannan lahani na zuciya, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, inda yara da yawa ke kwana ɗaki guda. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kansa. Abin da ke ci mini rai shi ne arhar rigakafinsa: allurar fenisilin guda, ko shan amoksilin na kwana 10 cikakku, yana tare duk wannan tun daga maƙogwaro. A maimakon haka sai a kai yaro wajen wanzami a cire masa beli. Beli ba shi da laifi, cire shi ba ya kashe ƙwayar, kuma ga sabon rauni a cikin baki.

Ta ina ƙwayoyin ke shiga jini?

Ta baki da ta fata. Ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini su ne babbar ƙofa, domin ko tauna kawai na tura ƙwayoyin cikin jini. Sai maruru, da ƙazuwa da aka sosa ta yi ruwa, da gyambon da ƙuda ke bi. Sai duk wani yanka da aska ko allurar da ba a dafa ba: tsaga, ƙaho, sakiya, cire beli, da allurar da ake yi a shago ko a kasuwar ƙauye.

Yaya uwa za ta bambance shi da maleriya?

Da ido ba za ta iya ba, ko likita ma sai da gwaji. Amma lokaci yana ba da labari. Maleriyar da aka ba ingantaccen magani na kwana 3 tana sakin yaro cikin 'yan kwanaki. Wannan kuwa zazzaɓi ne mai naci, sau da yawa ba mai zafi sosai ba, yana sauka yana dawowa har mako biyu, uku, wata guda. Yaro ya daina cin abinci, ya rame, ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, yana gumi da dare, yana kukan gaɓoɓi. Yaron da ke bin awaki daji yanzu zuwa rijiya ma sai ya zauna ya huta. Wani saifarsa kan kumbura, wani fitsarinsa ya yi ja ko ruwan shayi, wani a ga ɗigo-ɗigon jini a fata ko cikin ido, ko siririn layi kamar sartse a ƙarƙashin farce.

A lura da wani tarko. Da damina yara da yawa in an tsaga musu yatsa gwajin maleriya zai nuna akwai, amma wannan bai hana wani ciwon na daban zama a jiki ba. In an sha maganin an gama zazzaɓi yana nan, a koma asibiti, kada a koma kemis. Kuma in an taɓa gaya miki, Uwa, cewa ɗanki na da matsalar zuciya, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya tun kafin ya tambaya. Wannan kalma guda tana sauya duk tunaninsa.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: haki ko sarƙewar numfashi har yaro ya kasa kwanciya, kumburin ƙafafu da fuska, farfaɗiya, karkacewar baki ko shanyewar ɓarin jiki. Shanyewar na faruwa ne in wani ɓangare na tsiron nan ya ɓalle ya bi jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. An fi kai irin wannan yaro wajen ruƙiyya da hayaƙi alhali abin daga zuciya ya taso. Addu'a ba ta hana a hau mota.

Me za a yi masa a asibiti?

Gwaji biyu ne ginshiƙi. Na ɗaya a ɗebi jini sau biyu ko uku, a zuba a kwalabe na musamman a ajiye kwanaki, a ga wace ƙwaya za ta tsiro da maganin da ke kashe ta. Na biyu hoton zuciya da ake kira eko, irin na'urar da ake duba mai ciki da ita, ba zafi ba yanka, tana nuna tsiron da yadda murfin ke aiki. Ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da waɗannan, don haka in an ba da takardar turawa zuwa babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse, a tafi da wuri.

Ga inda kafso ɗin kemis ke cutarwa. In yaro ya sha ja-da-yalo biyu yau, uku gobe, ƙwayoyin ba sa mutuwa, lafawa kawai suke yi. Zazzaɓi ya ɗan sauka, a ce an samu sauƙi. Ranar da aka je asibiti aka ɗebi jini sai a rasa abin da zai tsiro a kwalba, likita ya shiga laluben magani cikin duhu. In an riga an sha, a ɗauki kwalin ko ledar maganin a tafi da shi, kada a ɓoye don kunya.

Ana warkewa?

Ana warkewa, da yardar Allah. Lokacin da likita William Osler ya yi bayanin ciwon dalla-dalla a Landan a 1885, kusan duk wanda ya kamu mutuwa yake yi, haka aka zauna har fenisilin ta zo a shekarun 1940. Yau mafi yawan yaran da aka gano da wuri suna tashi. Sai dai maganin na da tsawo: allura ta jijiya kullum, mako 4 zuwa 6. Dalili shi ne ƙwayoyin na lulluɓe a cikin tsiron, murfin zuciya kuma ba shi da wadatattun jijiyoyin da za su kai magani ciki, sai an yi ta jiƙa shi a hankali. Wasu yaran sai an haɗa da tiyata, in murfin ya lalace ƙwarai ko tsiron ya yi girma.

Na san nauyin wannan a kan magidanci. Mako shida a birni, ga kuɗin magani, ga abincin mai jinya, ga gero ya isa yanka a gona. Bayan kwana goma yaro zai warware ya fara neman tuwo, zuciyar uba ta ce a sa hannu a tafi gida. Malam, wannan sauƙin na sama ne. In aka katse, ciwon dawowa yake yi a kan murfin da ya riga ya raunana. Gara dangi su raba jinyar, a nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin a faɗi halin da ake ciki.

Ɗana yana da ciwon zuciya tun haihuwa. Me zan riƙa yi a gida?

Ki fara da bakinsa. Burushi da makilin safe da dare, aswaki ma na taimakawa in ana yi a hankali ba tare da fasa dasashi ba, a rage alawa da lemon kwalba. Haƙorin da ya fara ruɓewa a kai shi ga likitan haƙori, a kuma gaya masa batun zuciyar kafin ya taɓa, domin wasu yaran ana ba su magani kimanin awa guda kafin cirewa. Maruru da ƙazuwa a yi maganinsu tun suna ƙanana, kada a matse. Kaciya a yi ta a asibiti.

Yaron da ciwon maƙogwaro ya riga ya taɓa wa zuciya ana sa shi kan allurar fenisilin duk mako 3 ko 4, shekaru da yawa, wani har ya girma. Ita wannan allura tana hana murfin ƙara lalacewa ne, ba ta hana endokaditis kai tsaye, don haka ko yana karɓarta, zazzaɓin da ya wuce 'yan kwanaki ba tare da sanannen dalili ba na bukatar a ɗebi jini kafin a ba shi kowane kafso. Katin asibitinsa da takardar eko a sa su a leda, a ajiye inda za a iya ɗauka ko da tsakar dare ne.