Lambar Yabo ta Gwarzon Afirka ta Daily Trust

Gwarzon Afirka lambar yabo ce da kamfanin Media Trust, mai buga jaridun Daily Trust da Aminiya a Abuja, ke bai wa ɗan Afirka ɗaya da ya yi wa jama'a aikin da ya kai a yaba. An fara ta a 2008, shekara 10 da kafa jaridar Weekly Trust, wadda kamfanin ya fara fitarwa a 1998. Kwamitin dattawa daga ƙasashen nahiyar ne ke yin zaɓen, kuma a shekarun farko Dakta Salim Ahmed Salim na Tanzaniya, tsohon babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, shi ya shugabance shi.

Wanda ya fara karɓa shi ne Dakta Denis Mukwege, likitan mata da ya kafa asibitin Panzi a Bukavu, gabashin Kongo, a 1999, inda ake yi wa matan da aka yi wa fyaɗe a lokacin yaƙi tiyata. Sai bayan shekara 10, a 2018, aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya tare da Nadia Murad, mai fafutuka 'yar ƙasar Iraƙi. Wannan zaɓe na farko ya ɗaga darajar lambar ƙwarai, domin ya nuna kwamitin ya hango mutumin tun duniya ba ta gama sanin sa ba.

A 2009 an karrama Tajudeen Abdul-Raheem, haifaffen Funtuwa, mai fafutukar haɗin kan Afirka, bayan rasuwarsa a haɗarin mota a Nairobi ranar 25 ga Mayu na shekarar. Danny Jordaan na Afirka ta Kudu ya karɓa a 2010 saboda shirya gasar cin kofin duniya.

Ta 2011 kuwa ta faɗa Nijar. Mai shari'a Salifou Fatimata Bazeye ita ce shugabar kotun tsarin mulki lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ya nemi tazarce a 2009. Kotun ta ce zaɓen raba gardamar da yake so ya saɓa wa doka, shi kuma ya rushe kotun a watan Yuni. Bazeye ta rasa kujera, amma ba ta janye hukuncinta ba. Irin wannan tsayuwa ba ta da yawa a tarihin alƙalan yankin, kuma ita aka karrama.

Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya biyo baya a 2012. A 2015 lambar ta koma ga Gregoire Ahongbonon na Jamhuriyar Benin, tsohon mai facin taya, wanda ya shafe shekaru yana kwance masu taɓin hankali daga mari da sarƙa, yana kai su cibiyoyin ƙungiyarsa ta Saint Camille domin a yi musu magani.