Gyatsar Shanu da Ɗumamar Yanayi: Kira ga Makiyaya da Masu Kiwon Gida a Filato

Duk saniyar da ta kwanta tana tuƙa, akwai aikin da ke gudana a tumbinta. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke ruɓar mata da ciyawar da ta haɗiya, kamar yadda ƙullu ke tsami ya taso idan ya kwana. Daga nan ake samun iskar da masana ke kira metan, kuma kusan dukkanta ta baki take fita, wato gyatsa. Tumaki da awaki da raƙuma ma suna fitar da ita, sai dai kason shanu ya fi yawa.

Wannan iska tana hana zafin rana komawa sama. A ma'aunin shekara 100, kilo ɗaya na metan yana riƙe zafin da kilo 28 na iskar kabon, irin ta hayaƙin mota, ke riƙewa. A shekara 20 na farko kuwa ninkin ya kai kusan 80. Sauƙinta ɗaya, ba ta daɗewa. Cikin shekara 12 ko makamancin haka yawancinta ya watse, don haka in aka rage ta yau, mu da kanmu za mu ga amfanin, ba sai jikoki ba.

Metan da ke sararin sama yanzu ya ninka na shekarar 1750 fiye da sau biyu da rabi. Ba dabbobi kaɗai suka jawo haka ba, akwai rijiyoyin mai da gas, da ma'adinan kwal, da fadamun shinkafa, da juji. Amma dabbobin sun yi yawa. A 1961 shanun duniya ba su kai biliyan ɗaya ba, yau sun kai kusan biliyan ɗaya da rabi. A Najeriya ƙidayar 1990 ta sami shanu miliyan 13.9, yanzu ƙiyasi ya haura miliyan 20. Rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2013 ya ce kiwo ne ke da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan'adam ke jawowa mai ɗumama duniya, kuma kusan kashi 40 na wannan daga tumbi yake.

In na kawo zancen nan a ruga ko a Kara ta Bukuru, amsar da nake samu ita ce, "Malam, yanzu kuma mu ne muka ɓata duniya?" A'a, Ardo. Mai shanu talatin a Bokkos ba sa'an masu masana'antu ba ne a wannan laifi, wanda ya ce sa'ansu ne bai yi adalci ba. Abin da ya sa nake nacewa daban ne. Iskar nan abincin dabbarka ce ke tafiya a banza, tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abin da ta ci. Abinci in ya bushe ya yi tauri, asarar ta fi yawa.

Ku dubi garke a watan Maris. Ciyawa ta zama kara, haƙarƙari a waje ana ƙirgawa, a tatsi Bunaji, farar saniyar Fulani, da safe da ƙyar a sami lita ɗaya. Naman da ta tara da damina rani ya cinye, amma gyatsa ba ta tsaya ba ko na yini ɗaya. Saniyar madara ta Amurka ta fi tamu fitar da metan nesa, tana wuce kilo 100 a shekara, amma tana ba da kusan lita 30 a rana. In aka raba a kan kowace lita, tamu ce ta fi fitar da metan. Cikin shekarun nan kawuna muka ƙara, abin da kowace saniya ke bayarwa bai motsa sosai ba. Bijimin da sai ya shekara biyar kafin ya isa kasuwa, shekara biyar ya yi yana ci yana fitarwa.

Gyaran a abinci yake farawa. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure su tun ganyen na kore, a ɗora a rumfa inda rana da raɓa ba za su ci su ba. Karan masara da na dawa a daddatsa, kada a zube su haka nan dabba ta tsinci ganye ta tattake saura. A haɗa da dusa, da angurya ko tunkuza in da hali, da kanwa ko gishirin lasa. Sai lafiya. Dabbar da ke fama da ciwon hanta ko tsutsar ciki tana ci ne ba ta ginuwa. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a ƙofar gidanmu tun 1924, tana yin rigakafin ciwon huhu na shanu, amma wasu sai garke ya fara tari suke neman malamin dabbobi. Tsohuwar da ta daina haihuwa kuma, na san rabuwa da ita da wuya, amma kuɗinta zai ciyar da waɗanda ake tatsa har faɗuwar ruwa.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga alƙawarin da aka yi a taron yanayi na duniya a birnin Gilasgo a 2021, na rage metan a duniya da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030, kuma a 2024 an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya. Wannan na gwamnati ne, mu dai muna jiran ganinsa a ruga.

Ana yawan tambaya ta kan jiƙa tattakar acca ko ta shinkafa da takin yuriya domin ta ƙara amfani ga dabba. Yana aiki: kilo 4 na yuriya a narke a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na tattaka, a rufe da leda ruf na mako uku, a shanya kafin a bayar. Amma yuriya in ta yi yawa, ko dabba ta lashe ta kai tsaye, kisa take yi. Karon farko ku kira malamin gona na ƙaramar hukumarku ku yi tare.