Wai duk gem kashe-kashe ne?

Tun muna yara muke jin ana cewa wasan gem ba komai a ciki sai harbi da kisa. Iyaye da yawa har yau haka suka ɗauka, kuma ba laifinsu ba ne, don in ka leƙa wayar yaro ka ga PUBG ko Free Fire, bindiga za ka fara gani.

Amma ba duka ne haka ba wallahi. Ka shiga shagon gem na unguwarku da yamma, mafi yawanci ƙwallo za ka tarar ana bugawa, yara sun cika benci ana ihu saboda an ci fenariti, babu wanda ya mutu a ciki. Pong da ya fito a 1972 ƙwallon tebur ne kawai, Tetris na 1984 jera bulo ake yi, ga macijin Nokia, ga Candy Crush da ludo da tseren mota. Masu kisan suna nan, wasu ma da jini sosai, ban musa ba, sai dai wani ɓangare ne.

Kuma za ka iya dubawa da kanka. Kafin yaro ya sauke gem a Play Store, akwai lambar shekaru a ƙasan sunan, 3+ ko 12+ ko 18+, ka danna ta za ta nuna maka in akwai tashin hankali a ciki. Ko ka zauna kusa da shi minti 10 ka kalli yadda ake bugawa.

Don Allah a tura wa iyaye da malamai su ma su gani.