Wankan majinyaci wani ɓangare ne na magani

Yawancin masu jinya hankalinsu yana kan allura da ƙwayoyi, suna ganin wanka da goge baki da sauya zanin gado aiki ne da za a yi idan an samu sarari. A wurin ma'aikacin jinya kuwa, tsaftar jikin majinyaci tana cikin maganin kansa, musamman ga wanda ciwo ya kwantar har ba ya iya juyawa da kansa.

Tsaftar tana farawa ne daga hannun mai jinya. Tun a shekarar 1847 likita Ignaz Semmelweis ya nuna cewa mace-macen masu jego sun ragu matuƙa a asibitin da yake aiki bayan an tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko a goge da man kashe ƙwayoyin cuta na daƙiƙa 20 zuwa 30, kafin a taɓa majinyaci da kuma bayan an taɓa shi. Safar hannu ba ta ɗauke wannan wajibi.

Abin da ya fi damuna shi ne gyambon kwanciya, domin kusan kullum ana iya hana shi, amma idan ya kama sai ya yi watanni bai warke ba. Yana fitowa ne a inda ƙashi ya danne fata a kan katifa har jini ya kasa ratsawa, wato ƙashin gindi, kwatangwalo, diddige, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. Fitsari ko gumi da ya jiƙa zani yana sa fatar ta yi laushi ta saɓule da wuri. Saboda haka ake juya majinyaci aƙalla duk bayan awa 2, a ɗaga shi ba tare da an ja shi a kan gado ba, a sa matashi ƙarƙashin sharaɓa domin diddige ya bar katifa. Lokacin wanka ne ake samun damar duba waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya. A baƙar fata ba lallai ne a ga ja ba, don haka sai a lura da wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Kada a murza wurin da nufin jini ya gudana, domin murzawar ƙara lalata naman take yi. A ɗauke masa nauyi, a sanar da ma'aikacin jinya.

Wajen wankan, a yi amfani da ruwa mai ɗumi, a fara da fuska a ƙare da al'aura, a riƙa share ta daga gaba zuwa baya don kada ƙazantar bayan gida ta shiga mafitsara. A buɗe sashen da ake wankewa kaɗai, a rufe sauran jiki, a gaya wa majinyaci abin da za a yi masa ko da ana zaton ba ya ji, kuma duk abin da zai iya yi da hannunsa a bar shi ya yi.

Baki ma ana yawan mantawa da shi, alhali ƙwayoyin cutar da suka taru a ciki suna iya gangarawa huhu su jawo namoniya. A goge shi sau 2 a rana, wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma a kwantar da shi ta gefe tukuna don kada ruwa ya shaƙe shi. Idan akwai robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararsa koyaushe, ba tare da ta taɓa ƙasa ba.