Waiwaye: Yadda Aka Fara Tallata Ɗan Takara Kamar Sabulu

A 1952 ne masu tallar kayan masarufi suka shiga siyasar Amurka da ƙafar dama. Jam'iyyar Republican ta tsayar da Janar Dwight Eisenhower, gwarzon Yaƙin Duniya na Biyu, takarar shugaban ƙasa, sai magoya bayansa suka ɗauko Rosser Reeves, wanda ya yi suna wajen tallar maganin ciwon kai na Anacin. A ganin Reeves, mai kallo ba ya riƙe dogon jawabi, magana ɗaya yake riƙewa idan aka yi ta nanata masa.

Aka shigar da Janar ɗakin ɗaukar hoto a New York, aka cire masa tabarau, aka rubuta masa amsoshi da manyan baƙaƙe a kan kwalaye yana karantawa. Sai daga baya aka nemo mutanen gari aka ɗauke su suna yin tambayoyin, aka haɗa hotunan kamar suna gabansa. Wato amsa ta riga tambaya zuwa duniya. Abokin hamayyarsa Adlai Stevenson ya ɗauki wannan a matsayin cin mutuncin dimokuraɗiyya, ya riƙe dogayen jawabansa. Sau biyu Eisenhower yana kayar da shi, a 1952 da 1956.

Muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa John Kennedy da Richard Nixon ta 26 ga Satumba, 1960 a Chicago ta ƙara wa masu wannan sana'a ƙarfin gwiwa. Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya rame, ya ƙi a yi masa kwalliyar talabijin, gumi na tsatstsafo masa a gaban masu kallo kusan miliyan 70. A zaɓen, ya sha kaye da ƙaramar tazara. Da ya dawo takara a 1968, ya ɗauki Roger Ailes, mai shirya shirye-shiryen talabijin, wanda daga baya ya jagoranci kafa tashar Fox News. An ciza, an hankalta.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A zaɓen 1959, jam'iyyar Action Group (AG) ta Obafemi Awolowo ta kawo jirgi mai saukar ungulu, tana sauka a garuruwan Arewa, jama'a na tururuwa. Kallon jirgi daban, jefa ƙuri'a daban: NPC ta su Sardauna ta tashi da kujeru 134, AG ta samu 73. A lokacin, bakin hakimi da dagaci ya fi duk wata talla tasiri.

Zuwa 2015 lissafi ya sauya. APC ta yi aiki da AKPD, kamfanin da David Axelrod, mashawarcin Obama, ya kafa. Aka ga Janar Buhari a alluna sanye da kwat, aka gan shi cikin kayan Ibo da na Yarbawa, kalma ɗaya kuma ta cika gari: canji. Canjin mene ne, ta wace hanya, da wane kuɗi, kaɗan ne suka tsaya tambaya, kuma ɗan takarar bai halarci muhawarar da za a iya titsiye shi ba.

Wannan ne abin da ya fi damuna. Amurkawa sun mayar da muhawara wasan kwaikwayo, amma aƙalla ɗan takara yana tsayawa a yi masa tambaya. A muhawarar Janairun 2019 a Abuja, Buhari bai zo ba, Atiku ya iso wurin, da ya ga babu shi sai ya juya. Su biyun suka kwashe sama da kashi 96 cikin 100 na ƙuri'un.