Hadana: waye zai riƙe yaro idan uwa ta samu taɓin hankali?

A kotunan Shari'a na Sakkwato, idan aure ya mutu aka zo kan 'ya'ya, kalmar da alƙali zai ambata ita ce hadana. Ana nufin riƙon yaron da bai iya kula da kansa ba: cinsa, wankansa, makwancinsa, jinyarsa da tarbiyyarsa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce kan gaba. Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce riƙon yana hannunta har ɗa namiji ya balaga, mace kuwa sai ta yi aure ta tare. Ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba, ko a gidan wa yaron yake.

Riƙon yana da sharuɗɗa, kuma Mukhtasar Khalil, wani littafin fiƙihun mazhabar, ya fara su da hankali, sannan iya ɗawainiya da amana. A nan ake cutar mata da yawa. Da an ji mace ta je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, sai dangin miji su ce mahaukaciya ce, a kawo yara. Alhali ciwon ba iri ɗaya ba ne. Wadda damuwa ta kama bayan haihuwa, tana shan magani tana shayar da ɗanta, ba a haɗa ta da wadda hankalinta ya gushe har take barin jariri da yunwa ko kusa da murhu. Abin da ya kamata alƙali ya bincika shi ne halin da yaron ke ciki, ya kuma saurari likita, domin maganar tsohon miji kaɗai ba hujja ba ce.

Idan har ta tabbata uwa ba za ta iya ba, riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sai inna, wato 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi dangin uba. Uba ma, idan shi ne mai lalurar, sharaɗin hankali ya hau kansa.

Malaman Malikiyya sun kuma bayyana cewa riƙon da rashin lafiya ya kawar yana dawowa idan an warke. Saboda haka uwar da ke jinya ta adana katin asibiti da takardun likitanta, da su za ta koma gaban alƙali ta nemi ɗanta.