Mece ce sandika, kuma wa take amfana a Damagaram?

Sandika ƙungiya ce da masu aiki iri ɗaya suke kafawa da kansu, su zaɓi shugabanninsu, su riƙa zuba kuɗin ƙungiya, don su yi magana da wanda ke biyan su albashi da murya ɗaya. A gidajen rediyo za ka ji ana cewa ƙungiyar ƙwadago, a bakin mutanen gari kuwa sandika ce. Idan sandikoki da yawa suka haɗu ƙarƙashin inuwa guda sai a samu uwar ƙungiya, irin su USTN, wadda ita ce mafi daɗewa a Nijar, da CNT, da CDTN da aka kafa a 2001. Malaman makaranta suna da nasu, kamar SNEN, haka ma'aikatan lafiya, haka direbobi.

Haɗa kan masu sana'a ba baƙon abu ba ne a garin nan. Tun zamanin da, mahauta suna da sarkin fawa, maƙera suna da nasu sarkin, majema ma haka. Amma waɗannan fada ce take naɗa su, aikinsu tsara sana'a da raba rigima. Shugaban sandika ƴan ƙungiya ne suke ɗora shi, su ne kuma suke sauke shi, kuma an zaɓe shi ne musamman don ya tsaya gaban mai ƙarfi ya ce ga abin da muke nema.

Mutane da yawa da sun ji sandika sai yajin aiki ya faɗo musu a rai, alhali yajin aiki shi ne makami na ƙarshe. Babban aikinta ciniki ne. Ma'aikaci ɗaya in ya je neman ƙarin albashi, ana iya ce masa ga ƙofa nan, akwai goma a waje suna jiran wurinsa. Mutum dubu ba a gaya musu haka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka ake zama a tattauna kan albashi, da awannin aiki, da hutu, da kuɗin sallama, da abin da za a yi wa wanda inji ya cinye masa yatsu. Kowace ranar 1 ga Mayu uwayen ƙungiyoyi suna miƙa wa gwamnati takardar koke-kokensu. Sai magana ta ƙi ci ake ba da wa'adi, wa'adi ya cika a ajiye aiki. Doka ta yarda da wannan: Nijar ta sa hannu a yarjejeniya mai lamba 87 da mai lamba 98 ta hukumar ƙwadago ta duniya, waɗanda suka tabbatar da ƴancin kafa ƙungiya da ƴancin cinikin haɗin gwiwa, kuma dokar aiki ta 2012 ta tanadi haka.

Wanda ya ce sandika ba ta tsinana komai ba bai karanta tarihin ƙasar nan ba. A zamanin Faransawa, yaje-yajen aikin da aka yi a Afirka ta Yamma, musamman na ma'aikatan jirgin ƙasan Dakar zuwa Bamako daga 1947 zuwa 1948, suna cikin abin da ya tilasta fito da dokar aiki ta 1952 a ƙasashen da ake mulka. Djibo Bakary kansa, jagoran jam'iyyar Sawaba, daga gwagwarmayar ƙwadago ya yi suna. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, USTN da ƙungiyar ɗalibai USN ne suka tsaya kai da fata har Janar Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa. Daga nan aka yi babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan, André Salifou, ya jagoranta, mutumin da jami'ar Damagaram take ɗauke da sunansa yau. A 2005 kuma, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da ruwa da lantarki, ƙungiyoyin ma'aikata da na farar hula suka rufe garuruwa, gwamnati ta janye akasarin abin. Wannan nasara har mai tallan ƙosai ta ci moriyarta, ba mai albashi kaɗai ba.

A nan gida ma muna da misali a kusa. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin ne, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Shekara da shekaru ma'aikata ƴan ƙasa suna kuka kan tazarar da ke tsakanin albashinsu da na baƙi, kuma a watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami wasu manyan jami'an kamfanonin man guda uku ƴan Sin, ta ambaci wannan tazara cikin dalilanta. A wuri irin wannan, inda mai ɗaukar irin wannan aiki ɗaya ne tak a duk yankin, ma'aikaci ba shi da wata matatar mai da zai koma in an matsa masa. Ƙungiya ce kaɗai abin da ke hana a yanka masa farashi yadda aka ga dama. A irin wannan hali ƙarin albashin da sandika ta samo ba ya kashe aiki, rabon riba ne kawai yake gyarawa, kuma kuɗin a Kasuwar Dole za a kashe su.

To amma akwai ciwo, kuma ba zan ɓoye shi ba, domin yana damuna. Wanda ake yi wa yajin aiki sau da yawa ba shi ne yake jin zafinsa ba. Ka duba safiyar da malamai suka ajiye alli. Ƙarfe tara ba ta yi ba za ka ga yara sun cika titi suna komawa gida, allo a hannu, wasu a bi da su talla, wasu su zarce neman ruwa. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, karatunsa bai tsaya ba. Ministan da ake son ya ji yana Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Kwana uku wannan mako, kwana biyu mako mai zuwa, shekara ta ƙare ba a gama manhaja ba, sai jarrabawa ta zo a ce yaran ba su da ƙoƙari. A asibiti ma, ko da doka ta ce a bar wasu suna duba masu larurar gaggawa, matar da ta hau amalanke daga ƙauye da zazzaɓin ɗanta ita ce take kwana a bakin ƙofa.

Duk da haka ba na ɗora wa malamin laifi shi kaɗai. Mafi yawan masu koyarwa a firamare malaman kwantiragi ne, ɗan abin da ake ba su ma yakan yi jinkiri. Mutumin da sunansa ya cika littafin bashin mai kanti, mai gidan haya yana sallama tun asuba, in ka ce masa ya shiga aji ya yi shiru ka zalunce shi. Yarjejeniya nawa aka sa wa hannu ba a cika ba? Gwamnatin da ba ta sauraro sai an rufe makaranta ita ce take koya wa mutane rufe makaranta.

Ta fuskar tattalin arziki kuma lissafin yana da iyaka. Babban mai biyan albashi a Nijar gwamnati ce, kuɗinta kuwa daga haraji suke fitowa. Ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ce kada albashi ya wuce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin haraji. Duk abin da aka ƙara wa waɗanda ke ciki, wani abu ne aka rage daga ɗaukar sababbi ko ginin aji. An ga haka bayan karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, zamanin Shugaba Mahamane Ousmane: an yi dogon yajin aiki, baitulmali babu komai, ma'aikata suka tara bashin albashi na watanni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar inuwar. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42, abin a yaba, amma ɗan ga-ruwa da ke tura kura a Kara-Kara bai san da shi ba, haka yarinya ƴar aiki, haka lebura mai kwaɓa ƙasa, haka yaron mota. A tasha akwai sandika, sai dai galibi ta masu motoci da direbobi ce, tana tsara layi tana karɓar kuɗin lodi, yaron da ke ɗaure kaya a saman mota ba ya cikin lissafi. Su kuma uwayen ƙungiyoyin sun rarrabu sun haura goma, har sai da aka yi zaɓen ma'aikata a 2019 don a gane wace ce take da jama'a da gaske. Inda ƙungiyoyi suka yi yawa haka, gwamnati takan zauna da wadda ta fi sauƙin kai ta bar sauran, wani shugaban kuma da an ba shi kujera shi ke nan an daina jin duriyarsa.

Saboda haka in ana so a auna wata sandika, a tambayi ƴaƴanta yaushe rabon da a yi zaɓe, a tambaye su ko an taɓa karanto musu inda kuɗin ƙungiya suka tafi. A duba ko ta taɓa tsayawa wa ɗan kwantiragi kamar yadda take tsayawa wa cikakken ma'aikaci mai lambar aiki, ko malamanta sun taɓa rama wa yara darussan da yajin aiki ya cinye. A kuma je Birni da Zango da Garin Malam a ga ko akwai wanda ya fara rubuta sunayen ƴan kabu-kabu da ƴan aikin gida, ya yi musu kati da asusun jinya.